Sai An Gyara Fitila Ake Gyara Hoto

A sana'ar hoto akwai ƙorafin da ba ya tsufa: "Ai ba haka yake ba." Amarya za ta ce leshinta ruwan hoda ne, ga shi a takarda ya koma ruwan goro. Ango zai ce farar shaddarsa ta yi shuɗi-shuɗi. Uwar biki kuwa ta ce an ƙara wa 'yarta duhu, ko an ɗashe ta har sai dangi sun ƙura ido kafin su gane ta. Shi kuma mai hoto ya rantse a wurinsa komai daidai yake, ya ɗauko kwamfutar hannunsa ya nuna. Kuma gaskiya ya faɗa, domin a sikirin ɗinsa leshin ruwan hoda ne, shaddar fara ce fat.

Abin da ya faru shi ne ya gyara hoton a kan gilashin da bai san halinsa ba. Kwamfutar hannu, wadda 'yan sana'a ke ce wa tab, ta sauƙaƙa aiki ƙwarai. Saurayi zai ɗauki hoto wurin kamu da la'asar, kafin isha'i ya tura wa dangin amarya an gyara tsaf. Sai dai ta zo da wata ɗabi'a da kayan aikin da ba su da ita: tana sauya haskenta da launinta da kanta domin ta faranta wa ido. Magabatanmu a wannan sana'a ba su yarda da ido shi kaɗai ba. Sun san ido ba mudu ba ne, ko da ya san ƙima, shi ya sa kowane zamani ya kafa wa kansa ma'aunin da ba ya motsi. Wanda ya bi sawun yadda suka yi, ba zai sha wahalar gane abin da ya kamata ya yi da tab ɗinsa ba.

Ɗakin jar fitila

A zamanin hoto baƙi da fari, duk shagon da ya amsa sunansa yana da ɗan ƙaramin ɗaki a baya, an toshe tagarsa da baƙin ƙyalle, ba abin da ke ci sai jar fitila, saboda takardar hoto ba ta jin jan haske. Haka aka yi aiki a Kano da Kaduna da Zariya da Jos, haka Seydou Keïta ya yi a Bamako tun daga 1948, haka Philippe Koudjina ya yi a Yamai a shekarun 1960. Yaron da aka kawo koyon aiki ba a fara miƙa masa kyamara. Shara zai yi, ya ɗebo ruwa, ya koyi haɗa magani, sannan a bar shi ya tsaya bayan maigida ya ga yadda ake wanke hoto.

Abu na farko da zai gani shi ne maigida ba ya ɗora cikakkiyar takarda haka kawai. Takarda tsada gare ta. Zai yanki siririn ziri, ya ajiye ƙarƙashin na'urar da ke haska nagatif, ya rufe da kwali, ya riƙa janye kwalin kaɗan-kaɗan: nan ya sha haske na sakan 2, nan 4, nan 8, nan 16. Idan aka wanke zirin, sai ya fito hawa-hawa daga fari zuwa baƙi, a zaɓi wurin da fuska ta fito da kyau. Amma ba a yanke hukunci a cikin ɗakin. Ƙarƙashin jar fitila hoto yakan yi kamar ya fi yadda yake duhu, jiƙaƙƙiyar takarda kuma takan yi kamar ta fi yadda take haske, sai ta bushe ta dushe. Ruɗi biyu ke nan, kowanne yana jan ido gefensa. Shahararren mai hoton nan na Amurka, Ansel Adams, har a na'urar ɗumama abinci yake busar da zirin gwajinsa don ya ga ainihin abin da zai samu. Namu iyayen gidan fita suke yi bakin ƙofa, su tsaya wuri ɗaya kullum, cikin inuwa, su jira takarda ta sha iska.

Yaro mai gaggawa yakan leƙa cikin ruwan magani ya ce, "Maigida, ai ya yi."

Maigida ya ce, "Da wace fitila ka gani? Kawo shi waje."

Ko ruwan wankin ma da ƙa'idarsa. An tsara maganin ya yi aiki a digiri 20, alhali a bazara ruwan randa ya wuce nan nesa. Sai a nemo ƙanƙara, ko a bari sai dare ya raba, ko a rage lokacin da fim zai yi a ciki. Duk wannan wahala manufarta ɗaya ce: a tsayar da komai wuri guda, domin idan hoto ya sauya a san hannun mai aiki ne ya sauya shi.

Zuwan mai kala

A 1972 kamfanin Kodak ya fito da tsarin wanke fim mai kala da ake kira C-41, wanda maganinsa ke son digiri 37.8, ba ƙari ba ragi. Wannan ya fi ƙarfin randa da ƙanƙara. A 1976 kamfanin Noritsu na Japan ya ƙera ƙaramin injin da ke wanke fim ya buga hoto a shago ɗaya, kuma cikin shekarun 1980 irin waɗannan injina suka bazu a biranen Afirka ta Yamma. Daga nan iko ya bar hannun maigida ya koma hannun mai injin lab. Mai hoto ya kai fim da safe, ya dawo da yamma ya karɓi ambulan. Ɗakunan jar fitila suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Ma'auni bai mutu ba, wuri ya sauya. A lab mai tsari, kafin a taɓa fim ɗin kowa, sai an saka zirin gwaji da kamfani ya aiko, a auna shi da na'ura, a ga ko magani ya gaji. A gaban mai injin akwai maɓallan launi uku da na huɗu na ƙara duhu ko rage shi. Shi injin lissafinsa ɗaya ne: yana ɗauka cewa idan aka cakuɗa dukkan launukan hoto za a sami ruwan toka. Wannan lissafi yana tafiya daidai da hoton lambu ko titi, amma a bikinmu yakan kwafsa. Idan ango ya sha farar babbar riga ta cika hoto, injin ya ga haske ya yi yawa, ya ƙara duhu, fuska ta nutse sai haƙora da fararen idanu. Idan amarya ta sa jar atamfa, injin ya ga ja ya yi yawa, ya zuba kishiyarsa, fuska ta fito kore-kore. Shi ya sa kowane mai hoto ke da mutuminsa a lab, yana miƙa fim yana cewa, "Malam, don Allah a bi fuska, kar a bi riga."

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan zurfi. Tun shekarun 1950 Kodak ke aika wa masu lab wani kati mai hoton wata Baturiya, wanda aka sa wa suna katin Shirley, da sunan ma'aikaciyar kamfanin da aka fara ɗauka. Da shi ake saita injin: idan fatarta ta fito daidai, an gama. Binciken Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada ya nuna cewa cikin waɗanda suka matsa wa kamfanin lamba ya inganta yadda fim ke ɗaukar launuka masu duhu har da masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Duk wanda ya buɗe tsohon albam na gidansu ya ga fuskokin iyayensa sun dunƙule cikin duhu alhali zanen tabarma ya fito raɗau, to ya ga sakamakon ma'aunin da aka yi ba da mu a rai ba. Ma'auni dole ne, amma sai an tambayi wa aka auna.

Masu ɗab'i su ma sun daɗe da sanin cewa launi ba na takarda kaɗai ba ne, rabinsa na fitila ne. Macen da ta je sayen atamfa a Kantin Kwari ba ta yarda da kwan fitilar shago, sai ta jawo turmin zuwa bakin ƙofa ta duba da hasken Allah. Abin da masu ɗab'i suka yi ke nan, sai dai su sun rubuta shi ya zama doka: ƙa'idar ISO 3664 ta ce a duba hoto ƙarƙashin haske mai kelbin 5000. Kelbin shi ne ma'aunin launin haske. Idan adadin ya yi ƙasa, kamar 2700 na tsohon kwan fitila, hasken rawaya ne. Idan ya yi sama, ya karkata zuwa shuɗi.

Kwamfuta mai ƙeya

Photoshop ya fito a 1990, aikin 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll. Kafin ya zama ruwan dare a shagunanmu an shiga shekarun 2000, lokacin da kyamarar dijital ta fara ture fim. Iko ya dawo hannun mai hoto, amma ya dawo da sabuwar matsala. Takarda haske take karɓa ta mayar, sikirin kuwa shi ne fitilar da kansa. A karo na farko mai hoto yana duba aikinsa da fitilar da ke cikin aikin.

Waɗanda suka yi zamanin kwamfuta mai ƙeya sun san halinta. Ba a kunna ta a hau aiki, sai ta yi kamar rabin awa ta ɗumama launinta ya zauna. Yawancinsu daga kamfani a kelbin 9300 suke zuwa, farinsu shuɗi-shuɗi, sai an shiga maɓallan gaba an sauko da shi 6500. Idan aka ajiye lasifika kusa da ita, maganaɗisu ya ɓata mata kusurwa da shunayya. Idan wuta ta yi ƙasa, hoton ya tsuke ya dushe. Da yawa kuma na gwanjo ne, sun riga sun ci rabin ƙarfinsu a wata ƙasa. Duk da haka masu kula sun san yadda suke lallaɓa ta. Su yi mata rumfa da baƙin kwali don hasken taga, su manne maɓallan da salatif kada wani yaro ya murɗa.

Daga 1998 Photoshop ya zo da wata 'yar manhaja mai suna Adobe Gamma. Za ta nuna maka akwati a tsakiyar layuka, ka ɗan lumshe ido, ka ja ma'auni har akwatin ya saje da layukan. Da ido ake yi, amma ya fi babu. Masu hali kuma suka sayi 'yar na'urar da ake ratayawa a fuskar sikirin, irin su Spyder da Eye-One, ta auna launuka ɗaya bayan ɗaya ta rubuta wa kwamfuta bayanin gyara.

A wancan lokaci kamfanoni ma ba su daidaita ba. Hoton da aka gyara a Mac yakan yi duhu a Windows, domin kowanne da yadda yake raba haske tsakanin fari da baƙi: Mac a 1.8, Windows a 2.2. Sai 2009 Apple ya koma 2.2. Abin da ya fara haɗa kan duniya shi ne tsarin launi na sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996. A ciki an ce farin sikirin ya zama kelbin 6500, haskensa kuma nit 80. Nit shi ne ma'aunin ƙarfin hasken sikirin. A riƙe wannan adadi na 80, domin har yau hotunan intanet a kan wannan tsari suke tafiya.

Da siraran sikirin suka zo, mutane suka yi murna da sauƙin nauyi da ƙarancin cin wuta. Amma sun zo da haske ninki biyu ko uku na mai ƙeya, kuma na farko-farkonsu idan ka ɗaga kai ko ka sunkuya hoto ya sauya. Daga nan ƙorafi ɗaya ya cika duniya: an buga hoto ya fito da duhu. Ana zagin firinta, alhali ba laifinta ba ne. Sikirin ne ya cika haske, mai gyara ya ga hoto ya yi fau, ya rage masa haske, takarda kuma ta faɗi gaskiya.

Gilashin da ke bin ido

Apple ya fitar da iPad a 2010. Gilashinsa ya fi na yawancin kwamfutocin lokacin tsayuwa ko daga gefe ka kalla, amma launukan da yake iya nunawa ba su kai kashi biyu cikin uku na sRGB ba. Ja mai ƙarfi da shuɗi mai zurfi sukan fito a sanyaye, sai mai gyara ya ƙara musu ƙarfi, a wani wuri su fito kamar an zuba fenti. Samfurin 2012 ne ya cike wannan giɓi. Manhajojin gyara suka biyo baya: Snapseed a 2011, Lightroom a 2014, shi kansa Photoshop a 2019.

A ɓangaren Android kuwa, Samsung ya fitar da Galaxy Tab S a 2014 da gilashin AMOLED, wanda baƙinsa baƙi ne wuluk, launinsa kuma yana tsalle. Cikin saitinsa akwai zaɓi huɗu, kuma wanda ya fi kusa da gaskiyar sRGB shi ne mai suna Basic, wanda kowa ke gudu saboda a ido kamar ya koɗe. Android bai fara kula da tsarin launi da kansa ba sai 2017. Daga baya Samsung ya taƙaita zaɓin zuwa biyu, Vivid da Natural.

Shekarar 2016 ita ce ta sauya al'amarin. A cikinta Apple ya kawo wa iPad abubuwa uku. Na farko Night Shift, mai mayar da sikirin rawaya-rawaya da dare don hutun ido. Na biyu True Tone, mai auna fitilar ɗaki ya sauya farin sikirin ya bi ta. Na uku tsarin launi na P3, wanda ya fi sRGB faɗi da kimanin kashi 25 cikin ɗari, musamman wajen ja da kore. Ga mai karatu da mai kallon fim duka alheri ne. Ga mai gyaran hoto kuwa, biyun farko sun rushe abin da aka shafe shekaru ana ginawa. Kwamfuta mai ƙeya tana da karkata, amma karkatarta ɗaya ce, idan ka san ta ka san ta. Tab kuwa da safe fari ɗaya, da dare wani, a falo wani, a mota wani, kuma ba za ka lura ba, domin an ƙera shi ne ya sauya ba tare da ido ya ji ba. Ƙari a kan haka, yawancinsu ba sa karɓar bayanin gyara daga na'urar aunawa yadda kwamfuta ke karɓa.

Ido kuma abokin ruɗi ne. Ka zauna minti kaɗan gaban gilashi mai rawaya, ƙwaƙwalwa za ta ce maka fari ne. Duniya ta shaida haka a 2015, lokacin da hoton wata riga ya raba kan mutane, wasu na ganin shuɗi da baƙi, wasu fari da ruwan zinare, kowa na rantsuwa. Wanda ya gyara hoton biki da dare Night Shift na kunne, zai ga fuska ta yi rawaya, ya ƙara shuɗi, da safe fatar wankan tarwaɗa ta fito toka-toka. Wanda ya gyara a Vivid zai ga lalle da jan baki sun yi ƙarfi, ya rage launi, a takarda amarya ta fito kamar marar lafiya. Wanda ya zauna a rumfa da rana, hasken tab ya hau ƙololuwa da kansa, nit 500 ko 600, ba zai ga ainihin hasken hoton ba. A ƙasarmu ma akwai ƙarin zafi: Apple ya ce a yi amfani da iPad tsakanin digiri 0 da 35, a watan Afrilu kuwa Kano da Sakkwato da Damagaram sukan haura 40. Idan na'ura ta ɗau zafi takan rage haskenta da kanta, mai aiki bai sani ba.

Sai 2022 Apple ya sa wa manyan iPad Pro wani saiti mai suna Reference Mode, wanda ke kashe duk waɗannan sauye-sauye, ya tsayar da fari a kelbin 6500, hasken hoto na yau da kullum kuma a nit 100. Wato bayan dogon zagaye, na'ura mafi tsada ta dawo kan abin da maigida ke nema a bakin ƙofa: haske guda, marar motsi.

Gadon da bai kamata ya salwanta ba

Ba sai mutum ya mallaki mai tsadar ba. Abin da ake buƙata ɗabi'a ce, kuma tsohuwa ce. Kafin a buɗe hoto, a hana tab ɗin motsi: a kashe hasken da ke sauya kansa, wanda a iPad an ɓoye maɓallinsa cikin sashen Accessibility, a kashe True Tone da Night Shift ko takwaransu na kare ido a Android, a kashe tsimin batir domin shi ma yana dusashe gilashi. Mai Samsung ya zaɓi Natural. Kwana biyun farko zai ga kamar launi ya gudu, daga baya ido ya saba, ya fara ganin bambancin da ke tsakanin jan lalle da jan atamfa.

Sai haske. Masu buga hoto sukan tsaya tsakanin nit 80 da 120, wanda a yawancin tab ƙasa da rabin ma'auni ne. Wanda ba shi da na'urar aunawa ya ɗauki farar takardar da zai buga hoto a kai, ya riƙe ta gefen sikirin da ke nuna fari zalla, ya yi ta rage haske har su yi kusa da juna. Ya lura da inda ma'aunin ya tsaya, ya riƙa dawowa nan kullum. Idan hoton a waya kaɗai za a kalle shi, ana iya ɗagawa kaɗan, amma a tsaya wuri ɗaya.

Sai wurin zama. Kusurwa guda, fitila guda mai farin haske, ba rana a kan gilashi, ba kwan fitila mai launi, ba bango mai kore ko ruwan hoda da zai riƙa feso launinsa. A goge ƙurar hunturu da shatin yatsa. A sa bayan hoton ya zama ruwan toka maimakon baƙi, domin a kan baƙi kowane hoto kamar mai haske ne. A riƙa ɗauke kai lokaci-lokaci a kalli wani abu, ido ya wartsake.

Zirin gwaji ma yana nan, ya sauya kama ne. Jadawalin haske da ke saman manhajar gyara, mai nuna yawan duhu a hagu da yawan haske a dama, ba ya jin fitilar ɗaki. Idan ya jingina da bangon dama, aikin surfanin farar riga ya ƙone ko da ido bai gani ba. Idan ya taru a hagu, fuska ta nutse. Katin ruwan toka na 'yan kuɗi kaɗan, ko allon launuka 24 na ColorChecker da ake amfani da shi tun 1976, idan aka ɗauke shi a hoton farko na taro, zai gaya wa manhaja ainihin fari a wannan ɗaki. Idan an gama, a fitar da hoton a sRGB, domin na P3 yakan koɗe a injin ko manhajar da ba ta gane shi ba. Kafin a buga albam guda, a buga ƙarami ɗaya, a fita da shi inuwa a duba.

Kuma kowane mai hoto ya yi wa kansa katin da Kodak bai yi mana ba. Ya zaɓi hotuna uku ko huɗu na mutanen da ya sani ido da ido, baƙi da wankan tarwaɗa da fari, waɗanda aka buga suka fito daidai da masu su. Ya ajiye su a tab, ya ajiye takardunsu a aljihun tebur. Duk ranar da zai fara aiki ya buɗe su tukuna. Idan sun sauya masa, ba su ne suka sauya ba, gilashi ne ko fitila.

Wannan batu ya fi gaban gwaninta, amana ce. A da idan fuskar mutum ta ɓaci akwai wanda za a ɗora wa laifi: fim ɗin da ba a yi don mu ba, ko injin da ya bi riga ya bar fuska. Yau kyamara ta iya ɗaukar fatarmu, gilashi ya iya nuna ta, abin da ya rage hannun mai gyara ne. Hoton ɗaurin aure zai daɗe fiye da tab ɗin da aka gyara shi a kai, kuma da shi waɗanda ba a haifa ba za su san kamannin iyayensu. Saboda haka manyan sana'a da suka ga ɗakin duhu, suka ga lab, suka ga mai ƙeya, nauyi na kansu. Yaron da ya zo koyo yau ya riga ya iya goge ƙuraje da sauya bango tun daga gida. Abin da bai sani ba shi ne gilashin hannunsa yana iya yi masa ƙarya, kuma wannan ne darasin da ya kamata a fara ba shi a ranar farko, kafin a damƙa masa fuskar kowa.